Chuwang da Wuyan Tirelarsa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Jos cikin 'yan shekarun nan ya san Chuwang. Ko bai riƙe sunansa ba, muryarsa ba ta ɓacewa. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin ƙirji da ke jingine da wata farar a-kori-kura kusa da injin yankan katako, yana koya wa mutane aikinsu. Yana koya wa kafinta riƙon zarto, yana koya wa mai shayi yawan madarar da ta kamata, in fasto ya zo sayen katakon rufin coci ma sai ya ɗan gyara masa wa'azin Lahadin da ta wuce. Ba a taɓa jin ya buɗe baki ya ce bai sani ba. Abokan zamansa sun daɗe da daina musu da shi, saboda kowannensu yana da abin yi.

Yana saurayi ya zo Jos daga wani ƙauye a bayan Riyom, ba shi da komai sai ƙarfi da ɗan ƙullin tufafi. Aikin da ya fara samu shi ne turin amalanke a Katako, kuma a ba shi haƙƙinsa, wannan aiki ɗaya ya iya shi. Ya san inda ake ɗora dogon katako a kan ƙafafun nan biyu yadda nauyin gaba da na baya za su zo daidai, har hannayen amalanken su riƙa shawagi. Sauran masu turi suna nishi, gumi na tsiyaya, shi kuwa yana tafe da yatsa biyu a kan ƙarfen yana gaisawa da mutanen gefen hanya. Bai taɓa kifar da kayan kowa ba. Abin takaicin shi ne tun daga nan Chuwang ya yanke wa kansa cewa ya gama karatun duniya, kuma duk abin da Allah ya yi mai ƙafa biyu amalanke ne.

Ya auri Loyis, mace mai haƙuri da ke sayar da dankalin Turawa, suka yi ta tattali har ya sayi tsohuwar a-kori-kurar nan. Ranar da ya karɓi makullinta ya daina amsa kira in ba a ce Oga Chuwang ba. Ba ya son kowa ya tuna masa zamanin amalanke, sai dai in shi ne zai ba da labarin, kuma yakan ba da shi kullum. Motar tana kai ƙofofi da tagogi da katakon rufi unguwa-unguwa, ana samun na abinci. Da mutum ne mai godiya da ya tsaya nan.

Wata rana ya ga motar wasu masu haƙar rijiya tana jan 'yar ƙaramar tirela a baya, sai abin ya shiga ransa. Ya wuce kai tsaye wurin Malam Datti, wani dattijo mai walda a unguwar Congo-Russia, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ƙera bodin manyan motoci. Malam Datti ya samo ƙafafun baya na wata matacciyar mota, ya ɗora musu shimfiɗar katako, ya fitar da dogon wuya na ƙarfe mai zobe a baki, wanda ake saƙala wa ƙugiya a bayan mota a soka masa ƙusa. Aiki ya yi kyau. Ranar da Chuwang ya zo ɗauka, dattijon ya riƙe shi da magana.

"Oga Chuwang, wannan fa ba amalanke ba ce," in ji shi. "Amalanke kai ne kake riƙe da ita, kana tafiya da ƙafa. Wannan mota ce za ta ja ta da gudu. Ka bar nauyi ya ɗan rinjaya gaba, ya zauna a wuyanta. In ka zo ɗaga wuyan ka ji sai ka sa hannu biyu ka yi nishi, to ta yi. Kada kuma ka danne ta har gaban mota ya ɗaga. Amma in wuyan ya yi sakayau, za ta riƙa kaɗa maka wutsiya a hanya."

Chuwang ya yi dariya har da dafa kafaɗar tsohon. Ya tambaye shi katako nawa ya taɓa turawa a rayuwarsa. Malam Datti ya sauke baƙin gilashinsa ya koma kan waldarsa. Kafin yamma duk Katako ta ji cewa wani mai walda ya so ya koya wa Oga Chuwang lodi. Daga nan kuma kullum in ya loda tirelar sai ya je wuyanta ya ɗaga da yatsa biyu a gaban jama'a, yana waige-waige ko akwai wanda bai gani ba. A cikin gari, inda mota ke rarrafe tsakanin 'yan keke da ramuka, tirelar ba ta yi masa komai ba sai ɗan ƙwanƙwasa ƙugiya daga ƙasa. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa duniya ta yarda da shi.

Chuwang yana da ƙanwa, Magadaliya, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta Natana'el yana ɗauko wa mahauta nama daga mayankar Abattoir a kan mashin, yana rarraba wa masu abinci. Ya sayar da tsohon mashin ɗinsa ya sayi sabo dal, bai ko ci damina ɗaya da shi ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu. Ya bar ta da 'ya'ya mata uku, da ɗaki ɗaya na haya a Congo-Russia, da wannan mashin. A cikin ɗakin take ajiye shi, ta lulluɓe shi da tsohon zane, yaran suna kwana a gefensa. Mutane sun ba ta shawarar ta sayar, ta ƙi, don ta san abin da aka sayar aka ci ba ya dawowa.

Ita ga abin da ta shirya. Fredrick, ƙanen marigayin, yana ƙauye, can kusa da garinsu. Zai karɓi mashin ɗin ya riƙa ɗaukar mutane da buhunan dankali zuwa kasuwannin ƙauye, kowane wata ya aiko mata rabonta. Da wannan rabon Tina, babbar 'yarta, za ta ci gaba da sakandare, ƙannenta su biyo baya. Babu wata hanyar bayan wannan, kuma Magadaliya ta sani. Abin da ya rage shi ne a fitar da mashin ɗin daga Jos. A lokacin kamen babura ya yi zafi a cikin gari, takardun kuma suna ɗauke da sunan mamaci, shi ya sa Fredrick ya ce shi kam ba zai hau shi ya ratsa gari ba. Sai ta tafi wurin yayanta.

Ta same shi a Katako cikin mutane, kuma da ta san halinsa sosai da ta jira shi a gida. Ya amsa mata da muryar da za a ji har layin masu fenti. Ya ce shi ne ubanta tun da tsohonsu ya rasu, wa take da shi in ba shi ba, ran Asabar zai kai mata mashin har ƙofar Fredrick. Masu sauraro suka yaba, ya ji daɗi ƙwarai. Ita ta koma gida da tunanin a bayan a-kori-kurar za a sa shi. Ba ta san yayan nata ya riga ya samu lodin ƙofofi da tagogi na wani mai gini a Riyom ba. Tunda hanya ɗaya ce, in ji shi, me zai sa mai ya ƙone a banza? Don haka bayan mota na mai gini ne, gadon marayu kuwa ya hau tirela.

Ran Asabar da hantsi, a ƙofar gidan su Magadaliya, aka kafa katako aka tura mashin ɗin kan tirela. Waɗanda suka tura sun kai shi can gaba, inda hankali zai ce a kai shi. Chuwang ya je wuyan tirela ya gwada da yatsa biyu, ya ji nauyi, ya girgiza kai kamar an ba shi miyar da ba gishiri. Ya ce a ja shi baya. Aka ja. Ya sake gwadawa, ya ce a ƙara. Sai da ƙafar bayan mashin ɗin ta kusa bakin tirelar, wuyan ya fara lilo a kan yatsunsa, sannan ya ce a ɗaure. Aka ɗaure da igiyoyin roba irin na tsohon tif ɗin taya.

Ana cikin haka masu saƙo suka fara zuwa. Mutanen garinsu da ke zaune a Jos ba sa jin mota za ta gida su zauna. Wannan ta kawo buhun taki, waccan jarkar manja, wani ya zo da ɗaurin kwanon rufi da buhun gishiri na uwarsa. Chuwang ba ya iya cewa a'a ga wanda ya kira shi oga a gaban jama'a. Ya hana a sa komai a gaban mashin don kada a ɓata masa ma'auninsa, sai aka yi ta cusa kayan a gefe da baya, inda hannu ya fi saurin kaiwa. Da aka gama, wuyan tirelar ya tashi sama da kansa ya tsaya yana kallon rana. Sai da Chuwang ya taka shi da ƙafa kafin zoben ya shiga ƙugiya. Ƙusar da ake sokawa ta ɓace tuntuni, wani lanƙwasasshen guntun rodi yake amfani da shi.

"Kun gani ko?" ya ce da mutane. "Tirela na ko yatsa ba ya so sef. Da kanshi yana tashi."

Shagon Malam Datti bai da nisa da gidan. Ya fito ya tsaya ya dubi abin da aka yi, ya wuce Chuwang, don ya riga ya faɗa masa sau ɗaya. Magadaliya ya kira gefe ya gaya mata a hankali cewa in har tana son mashin ɗin nan ya isa, a kwance shi a tura gaba, a mayar da takin ma gaba. Ta matso kusa da yayanta, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Yaya, ko za a ɗan tura shi gaba kaɗan? Baba Datti ya ce..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya juya ya fuskanci jama'a, don shi ba ya iya fushi a ɓoye. Ya ce ita ta zo ta same shi, ba shi ya je nemanta ba. Ya ce tun ba ta iya ɗaura zane ba yake lodi a garin nan. In maganar mai walda ta fi tasa, to ga mashin nan, mai walda ya ɗauka a ka ya kai mata. Magadaliya ta sunkuyar da kai. Yayanta ne, a wurin uba yake, kuma ba ta da wata motar. Masu saƙo kuwa, manya da su, waɗansu ma sun ji abin da Malam Datti ya faɗa, kowa ya sa ido a ƙasa, saboda kyauta za a kai masa kayansa. Abin kunya ne, kuma babu wanda ya ji kunyar a cikinsu.

Suka kama hanya, shi da ita a gaba. A cikin gari tirelar ta yi ta ƙwanƙwasa ƙugiya kamar yadda ta saba, sai dai yau da ƙarfi. Suka ratsa Bukuru a hankali. Chuwang ya huce, har ya fara ba ta labarin yadda ya taɓa tura katakon rufin makaranta guda shi kaɗai. Ita ba ta ji, idonta na kan madubin gefe. Da suka wuce Mararrabar Jama'a hanya ta buɗe, motoci suka ragu, ya danna totur.

A madubin ta fara ganin abin. Tirelar ta leƙo ta gefenta, ta ɓace, ta sake leƙowa. Ta gaya masa. Ya ce kaya ne suke neman wurin zama, yanzu za su daidaita. Shi ma ya ji sitiyarin yana ɗan fizgar hannunsa, amma rage gudu a lokacin daidai yake da cewa mai walda ya yi gaskiya, kuma Chuwang zai iya jure abubuwa da yawa ban da wannan. Suka shiga wani dogon gangare. Wata babbar mota ta taho daga ƙasa ta wuce su da iskarta, tirelar ta yi gefe guda, ta dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya ninka na farko, ta fara jan bayan a-kori-kurar tana wujijjiga ta. Magadaliya ta kira sunan Yesu. Chuwang ya taka birki iyakar ƙarfinsa, yadda mai amalanke ke kafe ƙafa a ƙasa.

Mota ta tsaya, tirela ba ta tsaya ba. Ta zagayo ta gefe, guntun rodin ya fice, zoben ya tashi daga ƙugiya tunda dama babu nauyin da ke danne shi. Ta bar kwalta ta kife. Igiyoyin roba suka tsinke, mashin ɗin ya yi sama ya tsallake shingen ƙerana na wata gona, ya sauka a kan duwatsu.

Su biyun ko ƙwarzane babu, ƙofofin mai gini ma suna nan ɗaure. Magadaliya ta buɗe ƙofa ta gangara ba ko takalmi. Mashin ɗin yana kwance, ƙafar gaba ta naɗe ta shige ƙarƙashinsa, tanki ya fashe, injin ya dare a kan dutse, baƙin mai yana bin manja da taki a ƙasa. Ta zauna a gefensa ta ɗora hannu a kan kujerar. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Manoma suka baro kunyoyin dankalinsu suka taru suna yi mata sannu.

Chuwang ya tsaya a bakin kwalta yana kallonta. Ya san abin da ya faru, ya san wanda ya jawo shi, maganar Malam Datti ta dawo masa kalma bayan kalma. Da a ce a wannan ɗan lokacin ya gangara ya durƙusa kusa da ƙanwarsa, da labarinsa ya zama wani daban. Amma sai ya ga mutane sun taru, kuma Chuwang bai taɓa ganin taro ya ƙi zama malaminsa ba. Ya nufi tirelar, ya sa aka tayar da ita, ya zagaya ta yana bubbuga ƙarfen, ya sanar da murya mai ƙarfi cewa an gode Allah ko tsagewa ba ta yi ba. Daga nan ya shiga bayanin yadda direban babbar motar ya matse shi da gangan, yana nuna wurin da hannu. Kafin la'asar mai gini ya karɓi ƙofofinsa cif.

Fredrick ne ya zo da wasu suka kwashe abin da ya rage. Bakaniken da aka kai wa a Riyom ya duba ya ce gyaransa ya kusa sayen wani, gara a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Abin da aka samu bai kai ƙarshen zangon karatu ba. Wata mata da ta san marigayi Natana'el ta sama wa Magadaliya wurin wankin kayan ciki a Abattoir. Aikin ya fi ƙarfin hannu biyu, kuma ana biya ne gwargwadon abin da aka wanke, don haka Tina ta ajiye jakar makaranta ta bi uwarta da roba a ka. Loyis takan aika musu da dankali a ɓoye. Chuwang ya yi alkawarin zai duba lamarin in kasuwa ta buɗe, kuma yakan maimaita alkawarin duk inda ya samu masu sauraro.

Labarin hatsarin kuwa ya yi ta girma a bakinsa. Babbar motar ta zama biyu, gangaren ya zama rami mai zurfi, shi kuma ya zama direban da ƙwarewarsa ta ceci rayuka. Da ya ba da shi har ya gamsar da kansa, sai ya ga ai bai kamata irin wannan ceto ya wuce ba a yi wa Ubangiji godiya a coci ba. Ya sa rana, ya sayi atamfa iri ɗaya ya rarraba wa dangi, ya aika wa Magadaliya da 'ya'yanta nasu, da saƙon kada su makara.

Ta zo. Ba a ƙin zuwa godiyar babban wa, mutane za su ce baƙin ciki take yi da ya tsira. Aka buga ganga, matan zumunta suka ɗauki waƙa, Chuwang ya fito daga baya yana rawa da farin hankici, dangi na biye da shi har gaban bagade. Aka miƙa masa abin magana, ya riƙe shi fiye da yadda aka yi niyya. Da ya kai ƙarshe, faston ya tambaye shi ko an yi wata asara a hatsarin.

"Babu, Baba Fasto," in ji Chuwang, yana murmushi. "Ba mu rasa komai ba. Ƙarfe ne kawai ya lalace."

Coci ta ɗauki tafi, aka ce Amin. Magadaliya tana tsaye a bayansa cikin sabuwar atamfa, Tina na gefenta ta ɓoye hannayenta a cikin zane, don ruwan wankin tumbi ya tsattsaga mata yatsu.